Daminar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni malamar firamare ce da ta ajiye aiki, kuma 'yar Zumuntar Mata a wata majami'ar ECWA da ke ƙasar Malumfashi, jihar Katsina. Asalinmu Maguzawa ne. Kakana ya rasu yana yi wa iskoki yanka, babana shi ne na farko a gidan da ya karɓi bishara, ƙanensa kuwa ya musulunta. Saboda haka zuriyarmu addini biyu ce, amma bikinmu ɗaya, makokinmu ɗaya. Shaidar da zan bayar ta daminar 2024 ce, daminar da gidanmu ya cika har muka rasa wurin shimfiɗa tabarma, daminar da muka sallami ɗan farina zuwa aikin bishara a Nijar.

Sai na fara koma baya kaɗan, in ba haka ba ba za a gane abin da ya faru ba.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kunyar ɗan fari. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ke za ki fara ɗaga shi ba. Na haife shi a 1991, kuma tun ranar suna bakina bai taɓa furta sunan nan ba. In ɗalibi a ajina yana da irin sunan, sai in laƙaba masa wani. Da aka yaye shi, yayar maigidana, wadda duk gari ke kira Gwaggo, ta goya shi ta tafi da shi ƙauye, sai da ya isa shiga makaranta ya dawo hannunmu. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Malama yake ce mini, kamar yadda kowa ke faɗa. In zan yi maganarsa sai in ce “ɗan Gwaggo”, daga baya da ya gama makarantar tauhidi a Kagoro na samu sauƙi, na koma ce masa Fasto. Bangaskiyarmu ba ta ɗora mana wannan al'ada ba, ba ta kuma raba mu da ita ba. Haka na ga uwata ta yi da yayarmu, haka na yi.

A bazarar 1996 annobar sanƙarau ta shigo arewa. Waɗanda suka ga shekarar nan ba sa mantawa. Dubban mutane suka mutu, yawancinsu yara. Yana da shekara biyar ta kama shi. Wuyansa ya sandare, jikinsa kamar garwashi, in haske ya taɓa idonsa sai ya yi ƙara. Asibitin ya cika har waje, an shimfiɗa marasa lafiya a gindin darbejiya, an rataya ledar ƙarin ruwa a jikin reshe. Gwaggo ce ke riƙe da shi a cinya. Ni ina gefe, ina miƙa ruwa, ina wanke tsumma, ko kuka ba ni da damar yi a gaban dangin miji. A dare na uku aka ɗauke yaron da ke kusa da shi a naɗe cikin zane. Na tashi na zagaya bayan ginin, na durƙusa a ƙasa, na ce, “Ya Ubangiji, in ka bar mini shi da rai, naka ne. Duk inda ka so ka kai shi, ba zan hana ba.” Ya tashi. Kunnensa na hagu dai bai ƙara ji ba har yau, shi ya sa in kana yi masa magana za ka ga ya ɗan karkato da damansa.

Wa'adin nan ban faɗa wa kowa ba, har maigidana. Shekara ta bi shekara, yaro ya girma, ya karanta aikin gona a Samaru, ya je Kagoro, ya auri wata ungozoma 'yar kudancin Kaduna, suka haifi biyu. Aka ba shi wata ƙaramar majami'a da ba ta fi tafiyar awa ɗaya daga gidanmu ba. Na ce a raina, to, ai na biya. Ga shi yana aikin Allah, ga shi kuma ina ganinsa duk wata.

Ranar Ista ya zo gida. Bayan an ci abinci ya zauna da babansa a zaure, ni ina madafa ina jin su. Ya ce EMS, ƙungiyar masu bishara ta ECWA, ta karɓe su shi da matarsa, za a tura su jihar Maraɗi. Lokacin ba a fi 'yan kwanaki da buɗe iyaka ba, bayan rufewar da aka yi tun juyin mulkin Yulin 2023. Babansa ya yi shiru, can ya ce, “Madalla.” Da ya leƙo madafa ya durƙusa ya faɗa mini, muciya tana hannuna. Na ce, “Allah ya sa albarka,” na ci gaba da tuƙa tuwon dare. Tuwon nan ya yi gudaji, abin da rabona da yi tun ina amarya.

Aka sa watan Satumba. Da labari ya bazu cikin dangi, kowa ya ce sai ya zo ya yi sallama, sai dogon hutun 'yan makaranta ya zama lokacin zuwan kowa.

Ɗiyata ta Kaduna ce ta fara sauka a ƙarshen Yuli da 'ya'yanta huɗu, da niyyar sati ɗaya. Sai zanga-zangar tsadar rayuwa ta tashi ranar 1 ga Agusta, aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, mijinta ya bugo ya ce su zauna tukuna. Suka yi sati shida. Ƙanen Fasto na Abuja ya biyo da matarsa da jariri, wanda aka miƙa ga Ubangiji a majami'armu. Surukanmu suka zo daga kudancin Kaduna da buhun acca da citta. Autata ta yi baftisma tare da matasa goma sha ɗaya. Gwaggo ta zo daga ƙauye a bayan babur, da ƙullin kayanta da sandarta, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga tashin ɗanta. Shi kansa Fasto ya miƙa majami'arsa ga wanda zai gaje shi, ya kwaso iyalinsa da kayansu suka tare a ɗakin baya. Wani dare na ƙirga kwanukan tuwo, mutum ashirin da uku.

Kuma marka ce. Wanda bai ciyar da mutum ashirin da uku a watan Agusta da ɗanyen ice ba, bai san hayaƙi ba. Sai mu jera icen gobe a gefen murhu ya sha zafi, mu hura da faifai har ido ya yi ja. Hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, na kasuwa kuwa ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Abin da ya rufa mana asiri shi ne gonar bayan gida: zogale, rama, tafasa, ɗanyar kuɓewa, ga sabuwar masara ta fara nuna. Da safe kunun tsamiya da ƙosai in an samu wake, da rana ɗanwake ko kwaɗo, da dare tuwo. Maza su tafi gona da samarin gida, jikoki su cika tsakar gida suna gasa masara, fuska duk toka. Biyu daga cikinsu zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, surukata ta yi musu gwaji ta ba su magani, cikin kwana uku suka miƙe. Akwai daren da ruwa ya kwana yana zuba, rufin ɗakin tsakiya ya yi yoyo wuri huɗu, muka tara bokitai da tukwane, muka kwashe yara cikin barci muka jera su a gadona kamar ƙwarya a kan danki. Babu wanda ya koma barci a cikin manya. Surukata ta ɗauko Littafin Waƙoƙi muka yi ta rerawa a hankali har gari ya waye.

Gaskiyar da zan faɗa ita ce, hidimar nan ta zame mini maɓoya. In ina surfe, ina wanke-wanke, ina rabon abinci, ba wanda zai tambaye ni abin da ke raina. Kowa ya zo sai ya wuce wurin Gwaggo ya yi mata barka, ya ce ɗanki zai tafi aikin Ubangiji. Ta yi kuka, a rarrashe ta. Ni a ce mini, “Malama, sannu da aiki.” Da dare in kowa ya kwanta sai in buɗe baki zan yi addu'a, maganar ta ƙi fita. Na san abin da nake so in roƙa: a sāke rufe iyaka, ko takardunsu su maƙale, ko a canza musu wuri. Na kuma san abin da na faɗa a bayan asibiti. Tsakanin biyun nan na yi kusan wata biyu ba na iya cewa komai ga Allah sai “ka gani.”

Kowane dare bayan tuwo maigidana yakan tara gida a yi sujada. Dattijon ikilisiya ne, yana son tarihi. Wani dare ya ba jikoki labarin yadda aikin ya faro. Ya ce a ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, ba wanda ya kai shekara talatin, ba kuma wata babbar ƙungiya a bayansu. A cikin 1894 biyu suka mutu: Kent a Bida, Gowans a Girku, nan ƙasar Zazzau. Bingham ya koma da ciwo, bai daina ba, sai a 1902 aka samu wurin zama na farko a Patigi. Daga nan SIM, ƙungiyar mishan da ta fito daga wannan aiki, ta yaɗu, a 1948 'yan ƙasa suka kafa tasu ƙungiyar aika masu bishara wadda ta zama EMS, a 1954 kuma aka kafa ECWA. Sai ya kawo maganar uwar Gowans, wata mata a Toronto ta ƙasar Kanada, wadda ita ce ma ta fara sa wa Bingham nauyin ƙasar nan a zuciya. Ya ce da aka kai mata kayan ɗanta, ta nuna cewa gara mata ya mutu can shi kaɗai cikin biyayya ga Ubangijinsa, da ya zauna kusa da ita cikin rashin biyayya.

Kowa ya ce amin. Ni na tashi na ce zan duba wuta. A madafa na tsaya ina huci, na ce ita ce wannan, ba ni ba. Ni ɗana nake so da rai. Amma ina tsaye sai na tuna mutumin da ya kawo bishara ƙauyen babana. Ba Bature ba ne. Baƙin mutum ne daga wajen Filato, ya zo da keke da mata da akwatin ƙarfe ɗaya, ya yi noma kamar kowa, da dare ya koya wa samari karatu a hasken aci-balbal. Shi ya koya wa babana baƙaƙe, babana ya sa ni makaranta lokacin da ba a sa mata. Sun binne 'ya'ya biyu a ƙauyenmu. A duk shekarun nan ban taɓa tambayar kaina ba ko mutumin nan yana da uwa a wani dutse da ke jiran dawowarsa.

Baƙon da na fi fargabar zuwansa shi ne Yaya Alhaji, ɗan ƙanen babana, ɗan kasuwar hatsi a Funtuwa. Tun muna yara shi ke rama mini in an taɓa ni. Buta da sallayarsa suna nan a ɗakin zaure kullum, in ya zo kuma shi ke yanka kaza ko akuya don kowa ya ci hankali kwance. Ya zo cikin sati na uku na Agusta da rago a bayan mota. Bayan la'asar ya sa aka kira Fasto da matarsa, ya ce ni ma in zauna.

Ya ce, “Ɗana, ka san ban yarda da abin da za ka je yi ba. Da za ka ji tawa, da wata hanya na nuna maka. Wannan mun sha yi da babanka, ba yau ba.” Fasto ya ce, “Na sani, Kawu.” Ya tuna masa abin da ya faru a watan Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Ya tuna masa halin da hanyoyin wajen Jibiya da dajin kan iyaka ke ciki, wanda mu mutanen Katsina ba ma bukatar a ba mu labari tun ɗaliban Ƙanƙara da aka kwashe a Disambar 2020. Gabana yana ta faɗuwa, amma wani ɓangare na zuciyata yana cewa ƙara masa, Yaya, ko zai fasa.

Fasto ya karkato da kunnensa na dama ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce ba wurin da babu masu bi za shi ba. Akwai ikilisiyoyi a ƙasar Maraɗi tun zamanin Turawan mishan, akwai asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, akwai na Danja kusa da Maraɗi, kuma a ƙarƙashin shugabannin ikilisiyar can zai zauna. Ya ce ƙauyukan da za su suna da 'yan tsirarun masu bi da ba su da mai koya musu, sai su yi wata da watanni ba wanda ya buɗe musu Littafi. Zai yi noma, zai buɗe ajin yaƙi da jahilci, matarsa za ta taimaki mata masu ciki. Ya kawo maganar sassabin zamani, dabarar da aka faro a ƙasar Maraɗi a shekarun 1980 ta hannun wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo: maimakon manomi ya sare duk tohon da ke fitowa daga kututture a gonarsa, sai ya zaɓi masu ƙarfi ya gyara su su zama itace, gawo da kalgo da sauransu su dawo, ƙasa ta farfaɗo. Ya ce, “Kawu, zan koya a wurinsu kafin in koya musu. Abin da na gaskata kuwa ba zan ɓoye ba, ba kuma zan tilasta wa kowa ba.”

Yaya ya daɗe yana jan carbi. Da ya buɗe baki sai ga shi yana ba shi shawara. In ka sauka, fara gaida maigari, sannan liman, kafin ka kwance kaya. Kada a yi rasuwa ko suna a garin ba a gan ka ba. In azumi ya zo kada ka ci abinci a bainar jama'a. Ya juya ga surukata ya ce, “Ɗiyata, ki riƙe mayafi, ki riƙe gaisuwa, matan garin za su riƙe ki.” Sai ya zaro kuɗin sefa daga aljihu ya baje a tabarma ya fara koya musu lissafin can: tamma biyar ita ce dala ɗaya, in an ce dala ashirin ɗari ake nufi, dubu kuma jaka. Ya sa surukata ta maimaita har ta iya. A lokacin jaka ɗaya ta haura naira dubu biyu, kuɗin da ke tabarmar nan ba kaɗan ba ne. Ya tattara ya danƙa wa Fasto, ya ba shi lambar wani amininsa mai sayar da wake a kasuwar Maraɗi, ya ce, “Duk abin da ya taso, dare ko rana, ka ce masa kai ɗana ne.” Da zai tafi na raka shi bakin mota. Ya dube ni ya ce, “Ƙanwata, kin rame. Ki daina haɗiye abu.”

Ƙarshen Agusta muka ji a rediyo ruwa ya rushe gidaje a Maraɗi har an rasa rayuka. Na ce ko wannan zai sa a ɗaga tafiyar. Ba a ɗaga ba.

Muka shiga haɗa guzuri. Busar da kuɓewa a marka aiki ne. Rana ta leƙo mu baza a faifai a kan rufi, hadari ya taso yara su ruga su kwashe. Muka daka kuka, muka yi yaji, daddawa, ƙuli-ƙuli, garin kunu. 'Yan Zumuntar Mata suka zo ranar Alhamis da anko ɗinsu, kowa da abin da ta iya: wata sabulu, wata mudun gyaɗa, wata tsohuwa da ba ta da komai ta kawo tsintsiya biyu da ta ɗaure da hannunta. Haka aikin masu bisharar nan ke tafiya, da baikon ikilisiyoyi da mudun talakawa. Takwarata, 'yar Fasto mai shekara huɗu, tana bina duk inda na sa ƙafa tana tambaya ko a Nijar akwai kaka.

Daren Juma'a kafin Lahadin sallama, ina ɗaure ƙullin daddawa a ɗakina, Gwaggo ta shigo ta zauna a bakin gado. Ta haura tamanin, idonta ya yi rauni. Ta ce, “Malama, an ce ranar Lahadi za a kira iyaye su fito gaba.” Na ce, “Eh, Gwaggo, an tanadar miki kujera.” Ta ce, “Ba ni zan fita ba.” Na ɗaga kai. Ta ce, “Daren nan a asibiti, na fito zubar da ruwan tsumma, na ji ki a bayan gini. Duk abin da kika faɗa na ji. Shekara ashirin da takwas ina jira ki faɗa da bakinki.” Ƙullin ya faɗi daga hannuna. Ta ce, “Ni na goya shi, ban musa ba. Amma ba ni na bayar da shi ba. Alkawari kaya ne, wanda ya ɗauka shi ke saukewa.”

Na kifa kaina a cinyarta, cinyar da ta riƙe shi a 1996, na yi kukan da ban yi ba a wancan dare. Na ce mata ina tsoro. Na ce na so in janye maganata. Ba ta yi mini wa'azi ba, tana dai shafa bayana tana cewa, “Yi, ɗiyata, yi.” Da na natsu ta ce in karanta mata labarin Hannatu. Na buɗe Littafin Sama'ila na fari. Na sha koyar da labarin nan a makarantar Lahadi: macen da ta roƙi ɗa, ta yi wa'adi, da ta yaye shi ta kai shi Shilo wurin Eli ta baro shi. Amma a daren nan wata 'yar aya a sura ta biyu ce ta tsaya mini, inda aka ce kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Ashe ba ta daina zama uwarsa ba. Ashe tana auna girmansa a zuciyarta shekara shekara, tana ƙara tsawon hannu. A daren nan bakina ya buɗe, na yi addu'a har zakara ya yi cara.

Lahadi ta biyu a watan Satumba majami'a ta cika har tagogi. Yaya Alhaji bai shiga ba, amma ya zo, yana zaune a mota a gindin mangwaro. Zumuntar Mata suka yi waƙa da tulu da kacau-kacau. Wanda ya yi wa'azi ya karanta Ayyukan Manzanni sura 13, yadda ikilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a, ta ɗibiya wa Barnaba da Shawulu hannu ta sallame su. Aka kira Fasto da matarsa da yaran suka durƙusa. Aka ce iyaye su fito. Maigidana ya miƙe, surukanmu suka miƙe, idon kowa ya koma kan Gwaggo. Ita kuwa ta sa sandarta ta zungure ni a ƙafa.

Ban san yadda na isa gaba ba. Na roƙi izinin magana, aka miƙo mini lasifika. Na ba ikilisiya labarin bayan asibiti, daga farko har ƙarshe, har da watannin da na yi ina fatan tafiyar ta lalace. Maigidana yana tsaye kusa da ni yana ji a karo na farko, na ga ya cire tabarau yana goge ido. Sannan na ajiye lasifikar, na zagaya ta damansa, wajen kunnen da ke ji. Na ɗora hannuna a kansa, kan da rabona da taɓawa tun yana ƙaramin yaro. Na sunkuya na kira sunansa, sunan da aka raɗa masa ranar suna, na ce, “Ni na haife ka, ni na ba da kai. Tafi, Ubangiji ya tafi tare da kai.” Kafaɗunsa suka fara rawa. Ya kama hannuna da hannu biyu ya riƙe a kansa, bai saki ba har aka gama addu'a. Tsofaffin mata a baya wasu sun rufe baki, na sani, don ba a saba ba. Bayan an tashi uku daga cikinsu suka same ni a gefe, ɗaya ta ce ɗan farinta ya rasu shekara tara ke nan, ba ta taɓa kiransa ba.

Ranar Talata da asuba suka tashi. An ɗaure katifa da buhuna a saman mota, tsintsiyoyin tsohuwar nan a soke a gefe. Yaya ya ce shi zai raka su ta Katsina har Jibiya, ya ga sun tsallaka Magama sun nufi Ɗan Isa, don ya san mutanen hanya. Takwarata tana barci aka sa ta a mota, ban tashe ta ba. Gwaggo ta tofa musu albarka ta koma ɗaki ta rufe ƙofa.

A satin nan gidan ya watse. 'Yan Kaduna suka tafi don makaranta ta kusa buɗewa, na Abuja suka bi, surukai suka bi. Na wanke tabarmi tara na jingina a katanga. Da dare na auna garin tuwo, hannuna ya ɗebo na mutum ashirin, sai da na mayar.

Amma tun daren Talatar wayata ta yi ƙara, lamba mai farawa da +227. Ya ce, “Malama, mun sauka lafiya.” Ya ce aminin Kawu ya tarye su a tasha, ya kai su gidansa, matarsa ta dama musu fura. Na ce, “Ka mayar da wayar kunnen dama, ba ka jina sosai.” Ya yi dariya ya mayar. Na sāke kiran sunan, wannan karon bai yi mini nauyi kamar na farko ba, na tambaye shi ko yaran sun ci abinci.

Da nake share ɗakin baya na tarar ya manta wata tsohuwar rigarsa a bayan ƙofa. Na wanke ta na goge, ranar Asabar na sayi yadi biyar na farar shadda, na kai wa tela tare da ita don ya ɗauki awo. Ya ce in dawo bayan sati biyu. Yaya ya ce direban da ke kai masa kaya Maraɗi zai tafi da ita.